Majalisar Mutum Ɗaya

Bahaushe yakan ce shawara ɗaukar ɗaki ce. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗora jinka a kan ɗakin ƙauye zai gane inda maganar ta dosa. A ƙasa ake ɗaure jinkar, a baibaye ta da ciyawa, sa'an nan a kira maƙwabta su kewaye ta. Kowa ya kama gefensa, a ɗaga tare. In kuwa duk suka taru a gefe ɗaya, komai yawansu, jinkar karkacewa za ta yi. Yawan hannuwa yana da amfani, amma abin da ke daidaita ɗaki shi ne kowane hannu ya kama inda ɗan'uwansa bai kama ba.

Na kawo wannan misali ne saboda wata sabuwar hanyar neman shawara da ta shigo mana ta wayar hannu. A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fitar da manhajar ChatGPT, wadda mutum zai rubuta mata tambaya ta ba shi amsa kamar yana hira da mutum. Wasu manhajojin suka biyo baya, irin su Gemini ta kamfanin Google da Claude ta kamfanin Anthropic. A 2024 kuma aka sa Meta AI a cikin WhatsApp a Nijeriya, wato abin ya iso hannun duk wanda ke da babbar waya da ɗan kuɗin data. Wannan fasaha ita ake kira ƙirƙirarriyar basira. Yau a garin Bauchi ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tatari Ali da ɗan sakandare duk sun san hanyarta.

Cikin dabarun da masu amfani da ita ke koya wa juna akwai wata mai ban sha'awa. Maimakon mutum ya yi tambaya ɗaya ya karɓi amsa ɗaya, sai ya umarci manhajar ta zama mutane da yawa. Ya ce mata: ki amsa mini a matsayin manomi, sa'an nan a matsayin likita, sa'an nan a matsayin malamin addini, sa'an nan a matsayin 'yar kasuwa. Wani ma yakan sa su yi gardama da junansu. Kafin ƙiftawar ido sai ga amsoshi huɗu ko biyar sun jeru, kowace da sunanta a kanta. Mai tambaya ya karanta, ya ji kamar ya zagaya gari ya ji ta bakin kowa.

Ra'ayina game da wannan dabara shi ne tana da amfani, kuma ni kaina ina sa ɗalibaina su yi ta. Amma mutanen nan biyar mutum ɗaya ne ya sauya riga sau biyar, kuma duk a gefe ɗaya na jinkar suke. Wanda ya ɗauki maganarsu a matsayin ra'ayin jama'a ya ruɗi kansa, wani lokaci ma ya cuci jama'ar.

Domin a gane dalili, ya kamata a san yadda manhajar take aiki. An tara mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, daga littattafai da jaridu da shafukan intanet, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace kalma, wace magana ce ta saba zuwa bayan wace. Bayan haka aka ƙara horar da ita har ta iya ba da amsa irin wadda mutane ke so. In ka ce mata ta zama makiyayi, ba ta da wani makiyayi a ɓoye da za ta kira. Abin da za ta yi shi ne ta haɗa irin maganganun da aka rubuta game da makiyaya, ta sa su a bakin wani da ta ƙirƙira. Su wa suka yi waɗannan rubuce-rubucen? Yawancinsu 'yan jarida ne da masu bincike da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, kuma da Turanci suka rubuta. Makiyayin da ke bin shanunsa a dajin Ningi ko Alkaleri bai cika rubuta komai a intanet ba. Saboda haka abin da ke fitowa shi ne makiyayi kamar yadda mutanen birni suke zaton makiyayi yake.

Abin yana tuna mini da tashe. Ga wanda bai san shi ba, tashe wasa ne da yaran Hausawa ke yi da dare a watan azumi, daga goma ga wata, suna bin gida-gida ana ba su ɗan hatsi ko kuɗi. A wasan da ake kira Tsoho da Gemu, yaro yakan manna auduga a haɓarsa, ya sa tsohuwar riga, ya riƙe sanda yana tafiya a sunkuye. In ya ƙware, har muryarsa takan yi rawa kamar ta ɗan shekara tamanin. Mutanen gida su yi dariya, su yaba, su ba shi ladansa. Amma ban taɓa jin wanda ya ja yaron nan gefe ya tambaye shi yadda aka yi yunwar da ta auku kafin a haifi ubansa ba, ko ya nemi ya raba masa gardamar iyakar gona. Kowa ya san auduga ce. Matsalar manhaja ita ce audugarta ta fi ta yaron kama da gemu, kuma ba ta cire ta a ƙarshen wasa sai an tuna mata.

A zangon karatun da ya wuce na gwada abin da ɗaliban aji biyu na babbar sakandare. Ajin irin na garin Bauchi ne: akwai Sayawa daga Bogoro da Tafawa Ɓalewa, da Jarawa daga Dass, da Fulani, da 'ya'yan Ibo da Yarabawa waɗanda a nan aka haife su. Na zaɓi tambayar da ta shafe su duka, wato da wane harshe ya kamata a koyar da yara a makarantar firamare. Tambayar ba ta wasa ba ce. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa ta koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, kuma ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ɗan Azare ne a nan jiharmu. Tun daga lokacin ake ta ja-in-ja a kan batun. Muka umarci manhajar ta amsa a matsayin uwa a wani ƙauyen Bauchi, da makiyayi, da ɗan kasuwa Ibo a kasuwar Wunti, da malamin firamare, da jami'in ma'aikatar ilimi.

Amsoshin sun fito a tsare gwanin sha'awa. Uwa ta ce yaro ya fi gane karatu da harshen da ya sha a nono, amma Turanci ma yana da muhimmanci. Makiyayi ya ce yana son a kare al'adarsa, amma yana son ɗansa ya ci gaba. Ɗan kasuwa ya ce Turanci ne harshen ciniki da duniya, amma harshen gida abin alfahari ne. Malami ya koka da rashin littattafai, jami'i ya yi maganar kasafin kuɗi. Wata ɗaliba ce ta fara ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai duk da 'amma' suke ƙarewa." Gaskiyarta. Babu wanda ya fusata a cikinsu, babu wanda ya kauce wa tambayar, babu wanda ya ce tambayar ma ba ita ce damuwarsa ba. Dukansu masu ladabi ne, masu sassauci, kuma kowannensu ya riga ya san hujjar abokin gardamarsa ya kuma yarda da rabinta. Wanda ya taɓa zama a taron iyaye da malamai ya san ba haka mutane suke magana ba.

Sai na ce kowane ɗalibi ya kai tambayar gida, ya yi wa wani babba, ya rubuto abin da ya ji. Abin da suka dawo da shi ya fi na manhajar rashin tsari, ya kuma fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Wani yaro Bafulatani ya ce kawunsa bai ce komai game da harshe ba. Cewa ya yi lokacin da ake shiga aji shi ne lokacin da ake fitar da shanu, in an gyara wannan ya yarda a koyar ko da wane harshe ne. Akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa tun 1989, amma ga alama tambayar dattijon nan tana nan ba a gama amsa ta ba. Wata yarinya Ibo ta ce mahaifinta dariya ya yi, ya ce Hausa ai a bakin shago ake koyonta kyauta, shi kuɗin makaranta yake biya domin jarrabawar shiga jami'a, kuma da Turanci ake yin ta.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce amsar mahaifiyar wani ɗalibi Basayi. Ta tambayi ɗanta, harshen uwar wa? Ta ce in aka ce harshen uwa a Bauchi, Hausa za a kawo, alhali ita harshenta Zaar ne. Ta ce ko yanzu in ta yi wa ƙannensa magana da harshenta da Hausa suke mayar mata, saboda haka gara a bar Turanci a makaranta, ko ba komai shi bai shigo mata har cikin madafa ba. Muka koma muka duba abin da uwar da manhajar ta ƙirƙira ta faɗa, sai muka ga ashe tun a jimlar farko ta ɗauka Hausa ce harshenta. Ba a gaya mata haka ba. Ta ga an ce ƙauyen Bauchi, ta ga arewacin Nijeriya, sai ta cike gurbin da abin da ya fi yawa a rubuce.

Ni malamin Hausa ne, da wannan harshe nake ci nake sha, kuma ina ƙaunarsa. Amma maganar matar nan tana da tushe a tarihin ƙasarmu. Jihar Bauchi tana cikin wuraren da suka fi yawan harsuna a Nijeriya: ga Zaar, ga Jarawa, ga Warji da Miya da Zul da Polci da Bolanci da Karekare, ga Fulatanci, ga wasu da dama. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya kafa wannan birni a 1809, daga Gerawa ya fito. Yau sai an yi da gaske ake samun matashin da ke jin harshen Gera sosai, domin Hausa ta maye gurbinsa a yawancin gidaje. Harshen Ajawa kuwa, wanda aka yi magana da shi a wannan yanki, ya ɓace tsakanin 1920 da 1940 bayan masu shi sun koma Hausa. Tsoron wannan uwa tsoro ne na wadda ta ga abin da ya faru da maƙwabta. Manhajar tana iya sanin labarin Ajawa in an tambaye ta kai tsaye. Abin da ba ta yi ba shi ne ta kawo shi da kanta a inda yake da zafi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu ƙera waɗannan manhajoji su ma sun lura da hakan. A 2023 masu bincike na kamfanin Anthropic sun ɗauki tambayoyin da aka saba yi wa mutanen ƙasashe daban-daban a ƙuri'un jin ra'ayi, suka yi wa manhajarsu, suka kwatanta amsoshin. Sun tarar amsoshinta sun fi kusa da na mutanen Amurka da wasu ƙasashen Turai. Da suka ce mata ta amsa kamar mutumin wata ƙasa, amsoshin sun ɗan karkata zuwa can, amma a wasu lokuta sai ta koma ga irin zato da kuɗin goron da ake yi wa mutanen ƙasar. Fassara tambayar zuwa harshen wata al'umma ma bai tabbatar da cewa amsar za ta yi daidai da ra'ayin masu harshen ba. Wannan na ƙarshe ya kamata ɗalibin Hausa ya riƙe shi da kyau. Manhaja tana iya amsa maka da Hausa mai daɗi, har da karin magana, alhali tunanin da ke ƙarƙashi daga wani wuri ya zo.

Akwai kuma wani abin da ya fi ƙarancin rubutu muhimmanci, wanda ko an tara wa manhajar duk rubutun Hausa da Zaar da ke duniya ba zai gyaru ba. Garin Bauchi yana da tarihin da ke nuna shi. A 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a nan, wanda ake kira Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da wasu Turawan mulki suke haɗuwa su yi muhawara. Cikin masu zama akwai Malam Sa'adu Zungur, mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya, da Malam Aminu Kano wanda yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma malami a wannan makaranta. Sun tattauna batutuwa da yawa har suka kai ga tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Sa'adu da Aminu masu zafi ne, suna ganin tsarin ya danne talaka. Abubakar mai taka-tsantsan ne, yana ganin gyara a hankali ya fi rushewa. Da muhawarar ta yi tsanani, hukuma ta rufe zauren.

Me ya sa aka rufe shi? Domin maganar da ake yi a ciki tana da farashi. Waɗannan mutane albashinsu a hannun hukumar da suke suka yake, kuma sun san wanda suke suka yana iya jin labari kafin gari ya waye. Kowannensu ya ci gaba da rayuwa a kan abin da ya faɗa. Aminu Kano ya bar aikin koyarwa ya jagoranci jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, magoya bayanta suka sha ɗauri da duka. Sa'adu Zungur ya ci gaba da gwagwarmaya da rubuta waƙoƙi duk da ciwon da ya daɗe yana fama da shi har ya rasu a 1958. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya a majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, kabarinsa yana nan cikin gari ana ziyarta. In ka ce wa manhaja ta zama Aminu da Abubakar su yi gardama, za ta yi, kuma za ta yi da fasaha. Amma babu wanda zai rasa aikinsa a cikinsu, babu wanda zai koma gida yana tunanin ko ya faɗi abin da bai kamata ba. Ra'ayin mutum yana samun nauyinsa ne daga abin da mai shi zai yi asara in ya riƙe shi.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wani abu mai kama da wannan tun kafin a ƙera manhajojin. Tsohuwar dabara ce a naɗa wani ya yi adawa da gangan domin kada taro ya amince da abu a gaggauce. A da, Cocin Katolika ta daɗe tana da jami'in da aikinsa shi ne ya kawo hujjojin da za su hana a ayyana wani a matsayin waliyyi, har mutane suka yi masa laƙabi da lauyan shaiɗan. A 2001 Farfesa Charlan Nemeth ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tare da abokan aikinta, ta kwatanta tasirin mai adawar da aka naɗa da na mai adawar da ya yarda da abin da yake faɗa. Sun tarar adawar gaske ta fi sa mutane su sake tunani su nemo sababbin mafita. Adawar wasa kuwa takan bar su suna ƙara ƙarfafa abin da suka riga suka yarda da shi, ga kuma jin daɗin cewa sun saurari ɗaya ɓangaren. Wannan jin daɗin ne nake tsoro ga ɗalibina. Wanda bai tambayi kowa ba ya san bai tambaya ba, wata rana yana iya tashi ya tambaya. Wanda ya tambayi mutum biyar na cikin waya yana ganin ya gama.

A ƙara da cewa manhajojin nan suna da ɗan fadanci a jininsu. Da yake an horar da su su ba da amsar da mutane ke so, sukan karkata ga ra'ayin mai tambaya in sun gane shi. A watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ta koma yabon duk abin da aka gaya mata. In ka shiga da ra'ayinka a goshi, ka tara majalisar mutum biyar, kada ka yi mamaki in huɗu sun zama 'yan amshin Shata, na biyar kuma ya yi 'yar adawar da ba ta da haƙori. A fadar sarakunanmu ma an san illar wannan, shi ya sa bayan fadawa ake da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Noma da Arɗo. Kowannensu in ya fita daga fada akwai mutanen da za su tare shi su tambaye shi me ya faɗa a madadinsu.

To, in haka ne, me ya sa nake sa ɗalibai su yi amfani da dabarar? Domin akwai inda take aiki sosai. In tambaya tana da amsar da za a iya tabbatarwa, kamar lissafi, sa manhajoji su duba aikin juna yana rage kuskure. Wasu masu bincike na jami'ar MIT da kamfanin Google sun nuna hakan a 2023. Ga ɗalibin harshe kuma abin ya fi haka amfani. Yarinyar da ke jin kunyar yin Hausa a gaban 'yan aji tana iya sa manhaja ta zama mai sayar da tumatir a kasuwar Muda Lawal, ta yi ta taya kaya har bakinta ya saba, ba wanda zai yi mata dariya. Sai dai ta riƙa kawo wa malami abin da ta koya, domin Hausar manhaja wani lokaci Turanci ce da aka sa wa hula. Ɗalibin da zai shiga gasar muhawara kuwa ya sami abokin atisaye wanda ba ya gajiya. Dama a muhawarar makaranta malami ne ke raba ɓangare, wani ya kare abin da bai yarda da shi ba, kuma kowa ya san motsa ƙwaƙwalwa ake yi.

Ga yadda nake so ɗalibi ya yi. Ya fara rubuta nasa ra'ayin a takarda kafin ya taɓa waya, domin wanda ya fara karanta amsoshi biyar masu santsi da wuya ya sake gano abin da shi kansa yake tunani. Kada ya gaya wa manhajar ɓangaren da yake so. In ta ba shi amsa mai "amma" a ƙarshe, ya ce mata ta cire sassaucin ta kawo masa hujja mafi ƙarfi da za ta rusa tasa. Duk wata shekara ko adadi ko sunan littafi da ta ambata ya bincika shi a wani wuri, domin takan ƙirƙiri abu ta faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Tambayar da ta fi kowace amfani kuwa ita ce ya ce mata: su wa wannan magana ta shafa waɗanda ban ambata ba, kuma me ya kamata in tambaye su? A nan manhajar takan yi abin kirki. Da muka yi mata wannan tambayar a aji, ita ce ta tuna mana da yara kurame, waɗanda harshensu na farko na hannu ne, kuma babu ɗayanmu da ya kawo su a rai. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba ko kaɗan, wato ɗalibi ya rubuta a insha'insa cewa "wani makiyayi ya ce" alhali waya ce ta ce. Wannan shaidar zur ce, ko da maganar ta yi daidai da gaskiya.

Damuwata ba ta tsaya a aji ba. Ɗaliban da ke karanta wannan littafi, nan da shekara goma wasunsu za su zama jami'an ƙananan hukumomi ashirin na jihar nan, wasu ma'aikatan lafiya, wasu ma'aikatan ƙungiyoyin da ke haƙa rijiyar burtsatse da raba taki. Tuni wasu kamfanonin binciken kasuwa a ƙasashen waje suka fara tallar masu amsa tambaya na roba, wato manhaja ta tsaya a madadin mutanen da a da sai an je an same su. Dalilinsu a fili yake: zuwa ƙauye yana cin mai da kwanaki, ga damina ta ɓata hanya, ga neman tafinta, alhali manhaja tana amsawa cikin minti ɗaya. Jami'in da aka ba mako guda ya kawo rahoton abin da matan wani ƙauye a Ganjuwa ko Toro suke so zai ji jarrabar ya zauna a ofis ya ce wa waya ta zama su. Rahoton zai yi kyau, zai ma fi na gaske tsari. Waɗanda za a fara daina ziyarta kuwa su ne na nesa da kwalta, masu ƙananan harsuna, wato ainihin mutanen da manhajar ta fi jahilta. Sai a haƙa rijiya a inda mata ba za su iya zuwa ba saboda wani dalili da kowace yarinya a garin ta sani, amma ba a taɓa rubuta shi ba.

Tambayar mutum na gaske tana da wahala, kuma wannan ma darasi ne na harshe. Dattijo ba ya amsa tambaya a tsaye. Sai an yi sallama, an durƙusa, an gaisa, an tambayi gida da gona da gajiya, sa'an nan a kawo abin da ke tafe da mutum. Yana iya yin shiru mai tsawo, ko ya ba da labarin da kamar bai shafi tambayar ba sai daga baya a gane ya shafe ta. Yana iya cewa a dawo gobe. Tsohuwa tana iya mayar da tambayar kan mai tambaya, ta ce wa ya aiko ka, me za a yi da maganata? Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan Nijeriya uku bayan nasa, kuma dalilin da ta bayar shi ne haɗin kan ƙasa. Saboda haka ne kuke koyon Hausa: domin Bayarabe ɗan Bauchi ya iya zama a gaban Arɗo, Basayiya ta iya zama a gaban mai unguwa, su yi tambaya su fahimci amsar ba tare da wani ya shiga tsakani ba. Ɗalibin da Hausa ce harshensa na gida kuma, in zai je Bogoro ko Dass, ya nemi abokin ajinsa ya koya masa gaisuwar mutanen wurin kafin ya hau mota.